Katinsa Baƙo Ɗaya Yake Ɗauka

Masu turo min saƙo kuna cewa na cika raini, na ji ku. Wata ma cewa ta yi idan ban sauke hancin nan ba a ɗakin uwata zan tsufa. Na gode, 'yar'uwa. Amma ki gyara zama ki ji abin da ya faru ranar Talata, sannan ki dawo ki gaya min wanda ya fara raina wani.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da takwas, ina aiki a ofishin sayar da tikitin jirgi. Shekara biyar ke nan ina gaban kwamfuta ina tura mutane ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Akwai mai nemana, ɗan wani tsohon abokin Abba ne, ni da Yayata muna ce masa Mai Kati. Shi ya jawo wa kansa sunan. Ranar da ya fara zuwa gidanmu bai yi minti goma da zama ba ya zaro walat, wai yana laluben katin da ke da lambar wayarsa, ya baje kati har bakwai a kan teburin Umma kamar mai talla. Ya ɗaga wani mai ruwan zinare da yatsa biyu.

"Wannan," in ji shi, "duk filin jirgin da na shiga a duniya, ƙofa da kanta take buɗewa."

Gwaggo, ƙanwar Abba, tana wurin. Ta dafe ƙirji kamar an nuna mata ƙofar aljanna. Tun daga ranar ba ta bar ni na sha ruwa ba. Da safe saƙo, da yamma kira: "Auta, irin wannan ba a barinsa ya kwana a kasuwa." Abba ba ya tilasta min, ya sha faɗa. Sai dai duk lokacin da aka ambaci yaron abokinsa, fuskarsa kan yi wani haske da ba ta yi ba ranar da na kawo takardar kammala karatuna.

To, Yaya ta haihu a ƙasar da take aure. Tiyata aka yi mata, ba kowa a kusa sai mijinta, shi ma aiki ya sha masa kai. Aka yanke Umma za ta je ta yi mata wata guda, ni kuma in raka ta, domin Umma na da ciwon suga, gwiwarta ta dama ba ta son matakala, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ban san ta inda labarin ya isa kunnen Mai Kati ba, ko da yake na san Gwaggo. Kwatsam sai ga shi da taro a garin da za mu, a makon da za mu. Bai ma gaya min ba, sai ya kira Abba ya gaya masa. Abba ya leƙo ɗakina yana murmushi.

"Auta, ki yanka masa tikiti a jirginku. Ga namiji a tafiya, hankalina ya kwanta."

Na yanka. Washegari ina ofis saƙonsa ya shigo:

"Ki gaya wa Mama ranar tafiya kada ta cika ciki, kada kuma a ɗauko min kwanon abinci a filin jirgi, abin kunya ne. A Falon Zinare za mu ci. Za ta ga yadda manya ke tafiya."

Falon Zinare shi ne babban ɗakin hutun matafiya na filin jirginmu, mai kujerun fata da ƙofar gilashi. Ni kuwa aikina ke nan, ƙa'idojin falukan nan na haddace su kamar lambar wayar gidanmu. Na buɗe shafin don in tabbatar, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Na rubuta masa:

"Katinka baƙo ɗaya yake ɗauka. Mu uku ne."

Saƙon murya ya maido, ya fara da wannan dariyar tasa mai fita ta hanci. "Haba madam tikiti. Wannan doka ta masu karanta takarda ce irinku. Manajan wurin yarona ne, idan ya gan ni da gudu yake fitowa. Ke dai ki sa kaya masu kyau."

Na saurara sau biyu. Sannan na ajiye wayar, na jawo taswirar filin jirgin.

Ban da Falon Zinare akwai faluka uku. Na farko yana waje, kafin wurin bincike, wanda ke nufin bayan Umma ta huta sai ta sake tsayuwar layi. Na soke shi. Na biyu ya fi su kyau a hoto, har da wurin wanka, amma a bene na uku yake, can ƙarshen ɗaya ɓangaren, tafiyar minti ashirin ga mai lafiyar ƙafa. Na uku ƙarami ne, ko suna na kirki ba shi da shi, a bayan ƙofar shiga jirgi ta goma sha huɗu. A hoton kujerunsa sun koɗe, labulensa kamar na ɗakin jiran likitan haƙori. Ban tsaya kan hoto ba, na kira su. Wata mata ta ɗauka. Na tambaye ta ko akwai matakala, ta ce babu ko ɗaya. Banɗaki a ciki yake ko sai an fita? A ciki. Abinci mai zafi daga ƙarfe nawa? Sha biyu. Akwai inda tsohuwa za ta yi salla a zaune ba a tsallaka ta ba? Akwai. Za su sa min allurar Umma a firji? Ta ce in kawo.

Ofishinmu kan ba kowane ma'aikaci takardar shiga falo guda biyu a shekara. Nawa suna aljihun tebur tun farkon shekara, ina ta ajiyar su ban san don me ba. Na cike su da sunan ƙaramin falon, na ninke, na cusa a bayan fasfona. Ban gaya wa kowa ba. Da na faɗa, da Gwaggo ta ce baƙin ciki nake yi wa yaron mutane.

Ranar Talata Umma ta riga kowa shiryawa. Doguwar rigarta mai ruwan hoda tun Asabar take rataye a goge, an lulluɓe ta da leda. Ta sa mayafin da Yaya ta aiko mata bara, wanda ba ta taɓa yarda ta sa ba, da sabon takalmi mai ɗan tudu da na roƙe ta ta bari. Ni doguwar riga mai ruwan toka na zura, da takalmin da nake zuwa aiki. Na yi mata allurarta ta safe, na kawo shayi da biredi da ƙwai. Ta kurɓi shayin, ta gutsiri biredin kaɗan, ta ture farantin.

"Umma, ki ci. Kin yi allura fa."

"Mutum ya ce zai ciyar da mu, in je masa da ciki a cike? Ai sai ya ce ba mu yaba ba."

Na yi, na yi, ta ƙi. Da ta shiga ɗaki ɗauko carbinta, na damƙi dabino na zuba a jakata.

A bakin filin jirgi muka same shi. Jama'a, ina ma kun gani. Farin kwat, farin wando, baƙin tabarau, matashin wuya na barcin jirgi tuni ya maƙala shi a wuya tun daga gida, kamar wanda ya yi hatsarin mota. Turarensa ya riga shi isowa da taku biyar. Ya rusuna ya gaida Umma, ya kalle ni daga sama har ƙasa.

"Waɗannan ne kayan masu kyau?"

"Su ne masu aljihu," na ce.

Akwatinsa ƙarami ne mai taya, ya ja abinsa ya yi gaba yana waya. Ni na tura amalanken kayanmu, Umma na riƙe da gefensa. Muka auna kaya, muka wuce bincike, aka sa Umma ta cire takalmi ta mayar. Muna fitowa allon ya nuna jirginmu na ƙarfe ɗaya ya koma ƙarfe uku.

"Madalla," in ji Mai Kati. "Ƙarin lokacin hutu. Mama, yau za ki ga wuri."

Falon Zinare a sama yake. Umma ta tsaya gaban matakalar nan mai tafiya da kanta ta ce ita kam ba da ita ba. Muka zagaya neman lifta, shi yana gaba yana duba agogo. Kafin mu isa ta fara ɗingishi, sabon takalmin ya fara cin diddigenta.

A ƙofar akwai tebur dogo, da wata mata cikin kayan aiki masu ruwan bula. Ya ajiye katin a gabanta da wata 'yar ƙara, bai ko gaishe ta ba. Ta sa a na'ura, ta ɗago da murmushi.

"Barka da zuwa, yallaɓai. Kai da baƙo ɗaya."

"Mu uku ne."

"Na gani. Katin baƙo ɗaya yake ɗauka. Yau kuma jirage uku sun yi jinkiri, wurin a cike yake, ba ni da ikon ƙara kowa."

"Kin san da wanda kike magana?"

Ta duba na'urar, ta karanto masa sunansa tsaf. Wallahi sai da na ciji leɓe.

"Kira min manaja."

Manajan ya fito, ba da gudu ba. Dattijo ne mai furfura a gemu, a shekaru ya isa ya haifi Mai Kati, har ya yi jika da shi. Mai Kati ya buɗe hannu zai rungume shi, mutumin ya miƙa masa hannu ɗaya, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ba a taɓa gani ba. Ya saurare shi har ƙarshe, ya ba da haƙuri, ya maimaita abin da matar ta faɗa, ya koma ciki. Mutanen da ke layi a bayanmu suka fara gyaran murya.

Sai ya ja ni gefe, bayan wani ginshiƙi. Umma tana taku huɗu daga wurin, ta jingina da bango tana kallon ƙasa.

"Ga yadda za a yi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mu shiga ni da ke. Mama ta ɗan zauna a bencin can. Tsofaffi ba su damu da irin waɗannan wurare ba. Zan sa a fito mata da lemo."

Na kalli bencin. Na ƙarfe ne, a bakin hanya, kusa da kwandon shara.

"Ka shiga da Umma," na ce. "Ni zan zauna a bencin."

Ya yi tsaki. "Awa uku? Me zan ce da ita? Don ke na shirya wannan. Na riga na gaya wa abokaina zan turo hotonmu."

Kun san akwai lokacin da mutum zai yi magana ka ji wani abu ya rufe a ƙirjinka, ƙyas, kamar kwaɗo. Ban ji haushi ba ma. Kallonsa kawai na yi, da matashin wuyansa, na ga duk tsawonsa bai kai min gwiwa ba.

Da ya ga ba zan motsa ba, ya gyara kwat. "Shi ke nan. Ku jira ni nan, bari in shiga in ga babban manajan, wannan ƙaramin ne. Minti biyu."

Ƙofar gilashin ta buɗe masa. A nan kam bai yi ƙarya ba, da kanta ta buɗe.

Na zaunar da Umma a bencin. Minti biyar. Minti goma. Na ce mu tafi, akwai wani wuri. Ta ce a'a, ya ce a jira shi, ba kyau ya fito bai gan mu ba. Minti ashirin. Na tashi na leƙa ta gilashin. Ga babban manajan can: faranti ne shaƙe da shinkafa da cinyar kaza biyu, Mai Kati ya tsaya a kansa da waya yana neman inda haske ya fi kyau.

Na juyo zan gaya wa Umma, sai na ga carbin ya faɗi ƙasa. Hannunta na rawa. Gumi ya jiƙa gefen mayafin, leɓenta ya yi fari.

"Umma!"

"Ba komai," ta ce, muryar kamar daga rijiya. "Jiri ne kaɗan."

Sugan ne ya faɗi. Na durƙusa a gabanta, na zaro dabino na cire ƙwallon na sa mata a baki, ɗaya, biyu, uku. Matar teburin ta hango mu, ta bar layinta ta zo da ruwa, ta yi waya aka kawo keken tura marasa lafiya. Ta tambaye ni ko a kira likitan filin jirgi. Na auna sugan da 'yar na'urarmu, na ga ya fara hawa, na ce abinci take buƙata yanzu.

"Bari in shiga in kira maigidan naki," in ji ta.

"Ba maigidana ba ne. Ki bar shi ya ci abincinsa."

Na tura keken da kaina har ƙofa ta goma sha huɗu. Ƙaramin falon yana nan yadda hoton ya nuna, kujeru koɗaɗɗu, labule mai ruwan ƙasa, talabijin ɗaya ba murya. Na miƙa takarduna biyu. Matar da muka yi waya da ita ce a bakin aiki, ta gane ni da jin maganar allura. Ba ta jira na roƙa ba, ta kawo shayi mai sukari, sannan shinkafa da miya mai zafi da ayaba. Na cire wa Umma takalmin, diddigen ya saluɓe. Matar ta kawo filasta da silifas na roba.

Umma ta cinye tas. Ta yi alwala, ta yi azahar a zaune a wani lungu mai shimfiɗa. Da ta dawo jini ya dawo fuskarta. Ta zauna tana kallon jiragen ta taga.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Yaushe kika shirya wannan wurin?"

"Tun Alhamis."

"Ashe kin san haka za ta faru."

"Katin na sani, Umma. Mai katin sai yau na gama saninsa."

Wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce, ta turo hoton da ya ɗora a shafinsa: farantin nan, da gefen agogonsa, a ƙasa ya rubuta, "Tare da iyali, a inda ya dace da mu." Gwaggo ta jera hoton zukata takwas, ta ƙara da, "Kin gani ko? Allah ya sa ki san darajar abin da kika samu." Na miƙa wa Umma ta gani. Ta sa tabaran karatunta, ta karanta a hankali, leɓenta na motsi, ta maido min.

Sai da aka yi minti hamsin da shigarsa sannan ya tuna da mu. "Kuna ina?" Sai kuma, "Na fito da lemon Mama ban gan ku ba." Sai kira, sau huɗu. Na kife wayar a kan cinyata na ci ayabata.

Ba a jima ba saƙon Abba ya shigo. Abba ba ya rubuta dogon saƙo, amma wannan ya cika fuskar wayar. Wai yaron ya kira shi ransa a ɓace. Wai yana ciki yana fafutukar samar mana wuri, ni kuma na ɗauke mahaifiyata na ɓace ba sallama, na bar shi yana yawo a filin jirgi kamar mahaukaci. A ƙarshe Abba ya rubuta: "Ki nemo shi ki ba shi haƙuri kafin ku tashi. Kada ki kunyata ni a gaban mahaifinsa."

Idona ya ciko. Ba don Mai Kati ba, shi bai kai in yi masa hawaye ba. Don Abba ne, da bai tambayi ko lafiya ba.

"Mene ne?" in ji Umma.

Na karanta mata. Ku sani, shekara talatin da shida da aurensu, ban taɓa jin Umma ta ce wa Abba "ba haka ba ne" ba. Idan ya ce bango fari ne, sai dai ta ce hasken ɗakin ne ya sa ta ga kamar shuɗi. Ta miƙo hannu.

"Ina ake dannawa a yi magana?"

Na nuna mata. Ta riƙe wayar a gaban bakinta da hannu biyu.

"Abban Auta, ni ce. Babu wanda za ta ba haƙuri. Ina tsaye, da kunnena na ji ya ce a ajiye ni a benci, wai bai san me zai ce da ni ba. A bencin sugana ya faɗi, yana ciki yana ɗaukar hoton kaza. 'Yarka ce ta ɗauke ni. Idan kunya kake gudu, ni na riga na sha tawa yau a gaban mutane. Sauran maganar sai na dawo."

Ta saki. Saƙon ya tafi. Ashe duk ta ji.

Aka kira jirginmu. Na karɓo allurar daga firji, Umma ta riƙe hannun matar ta yi ta sa mata albarka, ta ce silifas ɗin kam ba za ta cire ba. A bakin ƙofar shiga muka same shi, yana riƙe da ƙaramin kwalin lemo da biskit biyu a naɗe cikin takardar goge hannu.

"Mama! Ina kuka shiga? Ga shi na ajiye miki."

"Na ƙoshi," in ji Umma, ba ta ko rage tafiya ba.

Ya matso kusa da ni yana huci. "Za mu yi magana a jirgi. Awa shida muna tare, za ki yi min bayani."

Gaskiyarsa. Da na yanka tikitin, kujera biyu ne kawai suka rage a jere, da ɗaya a bayansu. Ni na yi niyyar zama da Umma, amma tun a wurin auna kaya ya sa aka juya, ni da shi a gaba. Muna shiga ya zauna a bakin taga, ya buga tafin hannunsa a kan kujerar da ke gefensa yana kallona.

Umma ta dafa kafaɗata. "Wuce baya, Auta."

"Umma, gwiwarki..."

"Na ce wuce baya."

Ta zauna a gefensa, da silifas ɗinta na roba. Ta lalubo bel ta ɗaura da kanta, matar da ko matakala mai tafiya ta ƙi hawa ɗazu. Na zauna a bayansu na duba wayata. Abba ya saurari saƙon. A saman fuskar wayar an nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ma'aikaciyar jirgin ta sunkuyo ta ce in kashe waya. Na kashe ban ga ko kalma ɗaya ba.

Ta tsakanin kujerun na hango Umma ta juya gaba ɗaya ta fuskance shi.

"To, yaro," ta ce, a natse, kamar za ta tambayi farashin albasa. "Wata biyar kana zuwa gidana ba wanda ya tambaye ka. Faɗa min, wace sana'a kake yi takamaimai?"

Ya buɗe baki. Ya rufe. Jirgin ya fara ja da baya.